GONA ƊAYA, IRI DA YAWA: Shin Dole Ne Marubuci Ya Tsaya a Fanni Guda?



Akwai wata shawara da ake yawan bai wa sabon marubuci a 'yan shekarun nan, har ta kusa zama farilla a bakin masu ba da ita. Wai ka zaɓi layi ɗaya ka tsaya a kansa. In soyayya ka ɗauka, to soyayya har illa masha Allahu. In labarin aljanu ne, kada a sake a gan ka a wajen zaman aure. In ke mai rubuta zaman kishi ce, babu ruwanki da labarin siyasa ko na noma. Hujjar da ake kafawa ita ce mai karatu ya san inda zai same ka, kamar yadda mai neman atamfa ya san Kantin Kwari zai nufa, mai neman hatsi kuma Dawanau.

Ni dai ban yarda da shawarar nan yadda ake faɗar ta ba. Amma ba maganar banza ba ce, don haka bari in fara ba ta haƙƙinta.

Tsayawa a fanni ɗaya ba baƙon abu ba ne a wajen Bahaushe, mun gaje shi tun daga makaɗa. Ɗan Anace an san shi da 'yan dambe da manoma. Kassu Zurmi nasa 'yan tauri ne da mafarauta. Narambaɗa na fada ne, kuma har yau in ana maganar zurfin Hausa a waƙar sarauta da wuya a tsallake sunansa. Waɗannan mutane daɗewa a wuri ɗaya ce ta kai su inda suka kai. Wanda ya shekara ashirin yana zuwa filin dambe ya san abin da baƙo ba zai gani ba: ya san yadda ɗan dambe yake tsayuwa in tsoro ya shige shi, ya san wace kalma ce za ta tayar da tsikar wanda ya sha kaye jiya. Ba a samun irin wannan sani da leƙe.

A rubutun zube ma muna da shaida. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tun daga Budurwar Zuciya a 1987, zuwa Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, ba ta yi nisa da tsakar gidan Bahaushe ba: auren dole, saki, hana 'ya mace karatu, mijin da ya samu kuɗi ya manta da uwar 'ya'yansa. Abin da ta sani ke nan, wani ma a jikinta ta san shi, domin an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya. Wannan tsayuwa ce ta sa littafinta ya kai har Indiya, inda aka buga fassararsa ta Ingilishi a 2012. Haka kuma duk yaron da ya taso yana karanta littattafan yaƙi a Kano, in ka ce masa Abdul'aziz Sani Madakin Gini, ya san takobi da sihiri zai tarar, ba sai ya duba bango ba. Suna irin wannan jari ne, kuma wanda ya ce ba jari ba ne bai taɓa ƙoƙarin sayar da littafi ba.

To ina matsalar take?

Ta farko, makaɗin da ya tsaya a fanni guda yana da ubangida. Narambaɗa yana da fadar da take ɗauke da cinsa da suturarsa da dokinsa. Makaɗin manoma yana da dami a kaka. Fannin ba shi kaɗai yake tafe ba, tare yake da wanda ya ɗauki nauyin mai shi. Kai da kake rubutu a waya cikin dare, bayan ka dawo daga shago ko makaranta, wa ya ɗauki nauyinka? Ubangidanka shi ne mai karatu, shi kuwa mai karatu ba ya rantsuwa a kan kowa. Yau labarin masu kuɗi da gidan sarauta yake so, gobe ya gaji. Ko a cikin makaɗan ma, wanda ya fi kowa cika ƙasa, Mamman Shata, bai yarda an ɗaure shi a turke ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da sojoji, ya yi wa noma, har kumbon da Amurka ta harba zuwa wata bai bari ba. Duk da haka babu wanda ya taɓa jin kalangu ya tashi, murya ta biyo, ya ce wannan wane ne. Abin da ya riƙe ba ya canjawa shi ne muryarsa da yadda yake kallon mutane.

Matsala ta biyu ta fi girma, kuma don in bayyana ta sai na ja ku zuwa gona.

Duk wanda ya san ƙasar Gezawa, daga Jogana zuwa Wangara, Ketawa, Babawa, Tsamiya Babba har Tumbau, ya san babu daji a nan. Gona tana jingine da gona, gida yana hango gida. Ƙasar ba ta hutawa, domin babu inda za a koma a bar ta ta huta. Shekara da shekaru ana noma fili ɗaya. Wannan abu ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, har wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano. A shekarun 1990 Tumbau na cikin ƙauyukan da shi da abokan aikinsa suka zauna suka bi diddigin nomansu. Abin da suka tarar, kowane dattijo a yankin zai gaya maka shi kyauta. Manomin nan ba ya shuka abu ɗaya. Gero da dawa a kunya, wake ko gyaɗa a tsakani. Gero ya riga kowa nuna, ya fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. Dawa ta daɗe a tsaye, sai sanyi ya fara shigowa a yanke ta. Wake yana ƙasa yana ƙara wa gona ƙarfi, harawarsa ta tafi wa tumaki da awaki, takinsu ya dawo gona a mangala kafin ruwa ya sauka. In ruwa ya ɗauke da wuri dawa ta gaza, gero ya riga ya shiga rumbu. In tsutsa ta ci wake, harawa tana nan.

Ku lura da abu ɗaya: gonar ba ta canjawa. Manomin ya san ta kamar tafin hannunsa, ya san gefen da ruwa ke kwanciya, ya san inda jigawa take, ya san ƙarƙashin gawon da dawa ta fi yin kyau. Irin da yake zubawa ne yake da yawa.

Mun kuma ga abin da ke faruwa in aka jingina da abu guda. Iyayenmu sun ga zamanin dalar gyaɗa a Kano, lokacin da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano tun 1911, yake kwasar buhuna zuwa Legas. Sai farin farkon shekarun 1970 ya zo, sannan a 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya ƙanƙance ya murɗe, amfanin shekarar ya lalace a faɗin Arewa. Dala ba ta sake tashi kamar da ba. Wanda ya tsira da sauƙi shi ne wanda bai taɓa yarda gyaɗa ta kore masa gero da dawa daga gona ba.

Adabinmu ma ya yi tasa dalar gyaɗar. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa cikin na 1990, littattafan da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano suka cika gari, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka tashi, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga kusan kowace makarantar kwana. Soyayya ce take tafiya, ɗan kasuwa kuwa abin da ke tafiya yake sara, don haka marubuta da yawa suka koma ba sa shuka komai sai ita. Ba na cikin masu zagin wannan zamani. Shi ya koya wa dubban mata karatun boko a cikin ɗaki, kuma wanda ya karanta littattafan da idon basira ya san da yawansu sunan soyayya kawai suka ara, cikinsu maganar auren dole ce da gado da zalunci. Amma da fim ya zo ya janye masu saye, da aka shiga rigimar 2007 da 2008, lokacin da aka ƙona littattafai a bainar jama'a a Kano, Hukumar Tace Finafinai kuma ta ce marubuta su zo su yi rajista, an yi wa kowa kuɗin goro da suna ɗaya: 'yan littattafan soyayya. Daga baya waya ta zo ta ƙarasa kasuwar takarda. Ku duba waɗanda suka ci gaba da cin abinci da alƙalami bayan duk wannan. Za ku ga akasari masu hannu fiye da ɗaya ne. Bala Anas Babinlata ya shiga rubutun fim. Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman suna cikin waɗanda suka rubuta Daɗin Kowa a tashar Arewa24. Ibrahim Sheme ga aikin jarida, ga mujallar Fim, ga 'Yartsana, ga kuma tarihin Shata da suka rubuta shi da abokan aikinsa. Da a ce ɗayansu ya rantse tun yana saurayi cewa shi fanni kaza kaɗai zai yi, da yanzu sai dai a riƙa tuna shi.

Saboda haka abin da nake ganin ya kamata sabon marubuci ya riƙe shi ne gonarsa, wato mutanen da ya sani da wurin da ya sani da tambayar da take hana shi barci. Soyayya, ban tsoro, barkwanci, bincike, waɗannan iri ne, rabe-raben kanti ne da aka yi don sauƙin mai saye. Masu cewa ka zaɓi layi suna haɗa abubuwa biyun nan su mayar da su ɗaya, a nan ne suke ɓatar da yara. Hajiya Balaraba da na ambata ɗazu, in ka duba da kyau, ba layin kasuwa ta riƙe ba. Gona ta riƙe.

Dubi Abubakar Imam. Ruwan Bagaja ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, labarin yawon duniya ne da ban dariya. Sai Magana Jari Ce, juzu'i uku. Sai ga shi a 1939 editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, yana rubuta sharhi a kan yaƙi da mulki da halin talaka. Sai labarin tafiyarsa Ingila a Tafiya Mabuɗin Ilmi, sai Ikon Allah da suka yi da Rupert East a kan halittu da kimiyya, sai littattafan tarihin Musulunci. In da a yau ne, da an samu mai ce masa Malam ka tsaya wuri ɗaya mana, kana rikita mabiyanka. Magana Jari Ce kanta darasi ce a kan wannan batu. Labaran cikinta daga ƙasashe daban-daban aka ɗebo tushensu, na Larabawa da na Turawa da na Indiya da namu na gida, amma yaron da ya karanta ta a firamare bai taɓa jin baƙunta ba. Bakin aku ne ya ɗauko akasarinsu, Hausar kuma ta Imam ce daga farko har ƙarshe.

Wanda ya fi burge ni a wannan fage shi ne Sulaiman Ibrahim Katsina, kuma ina mamakin yadda matasanmu ba sa yawan ambatonsa. Mallakin Zuciyata, wanda ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin NNPC na Zariya, labarin soyayya ne, ya kuma samu karɓuwa. Hanya a buɗe take ya yi ta maimaita shi. Sai ya juya ya rubuta Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, ya biyo da Tura Ta Kai Bango a kan siyasa da talakan da aka kai maƙura. Littafi uku, fanni uku a idon ɗan kasuwa. Amma karanta su a jere ka gani ko ba mutum ɗaya ne yake tambaya ɗaya ba: me mai kuɗi da mai iko suke yi wa wanda ba shi da su? Har a cikin na soyayyar tambayar tana nan.

Yanzu kada wani ya ɗauki maganata ya mayar da ita lasisin barbaɗe. Akwai wani irin marubuci da muke gani kullum, da safe shi masanin tattalin arziki ne, da azahar malamin fiƙihu, da la'asar likita, da dare mai sharhin ƙwallo. Wannan ba gauraya shuka yake yi ba, watsa iri yake a kan titi. Manomin Tumbau bai taɓa shuka shinkafa a jigawa don ya ji tana tsada ba. Abin da ƙasarsa za ta ɗauka yake zubawa, kuma kowane iri ya san lokacinsa da tazararsa. Musamman abin da ya shafi addini da lafiya, in ba ka zauna gaban masu shi ka koya ba, ka bar shi. Kuskure a labarin soyayya dariya za a yi maka, kuskure a maganin ciwon suga ko hukuncin saki kuwa wani gida zai shafa. Haka nan wanda ya fara labari biyar bai gama ko ɗaya ba, kada ya ce yana bin sawun Imam. Imam gamawa yake yi. Ga wanda bai taɓa kai labari ƙarshe ba, shawarar tsayawa wuri ɗaya daidai ce ɗari bisa ɗari, har sai ya rubuta kalmar ƙarshe ya ajiye.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita ce a zuciyar da yawa daga cikinmu ko ba a faɗa ba. 'Yar uwa ta tara masu karatu da labarin soyayya, suna biya ana tura musu shafi-shafi, da kuɗin take sayen data har ta taimaka a cefane. Ranar da ta ce za ta rubuta labarin rikicin gona, wasu za su tafi. Gaskiya ne, za su tafi, kada wanda ya rufe ki da daɗin baki. Abin da zan ce shi ne kada ki yi musu ba-zata. Wanda ya biya kuɗin soyayya ki ba shi soyayyarsa cikakkiya har ƙarshe, kada a shafi na arba'in labari ya rikiɗe ya koma wa'azi ko siyasa, wannan cin amana ne. Sabon abin ki fara shi a gefe, gajere, ki faɗa tun farko cewa wannan daban ne. Gajeren labari shi ne geronki, ba ya cin lokaci, kuma akwai inda ake nemansa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take karɓar gajerun labaran mata, labarin da ya fara lashe ta kuwa a kan 'yan gudun hijira ne. Dogon littafin da kike ci da shi ya ci gaba da tsayuwa kamar dawa. In gajeren ya karɓu kin samu sabuwar ƙofa, in bai karɓu ba kin koyi wani abu da kuɗin wani bai salwanta a kai ba. Akwai ma ribar da ba a lissafawa. Wanda ya taɓa zama ya rubuta yadda ake rabon gado, ko yadda dillali yake cin ƙwan mai gona da mai saye a ciniki ɗaya, in ya dawo labarin soyayya za ka ga iyayen yarinyar sun zama mutane masu sana'a da bashi da dalili, sun daina zama gumakan da aka ajiye don su ce a'a kawai.

Abin da ke ba ni takaici, mu da muka fito daga karkara, shi ne yadda wannan shawara ta zaɓar layi take raba yaro da gonarsa tun kafin ya san yana da ita. Saurayi ya tashi a Gezawa ko Minjibir ko Gabasawa, ya buɗe waya ya ga abin da ke tafiya shi ne attajirin Abuja mai jirgin sama da 'yar aikin da ya faɗa son ta. Sai ya ce to layina ke nan. Ya shiga kwatanta falon da bai taɓa shiga ba, da abincin da bai san sunansa daidai ba, mai karatu kuma yana ji a jikinsa cewa aro ne. Alhali a ƙofar gidansu birni yana tahowa ta hanyar Haɗeja, ya wuce Yankaba, ya cinye Gunduwawa, gonakin da aka yi shekaru aru-aru ana zuba musu taki ana yanka su fuloti-fuloti. Ga magada goma a kan gonar da ba ta fi a noma ta da safiya ɗaya ba, wasu na son a sayar a raba, babban wa ya ce sai bayan ransa. Ga wanda ya karɓi kuɗin gona ya sayi babur mai ƙafa uku da sabuwar amarya, shekara biyu babu ko ɗaya. Ga matar da ba ta fita, amma da kuɗin ƙuli-ƙuli da tumakin turke ta fanshi gonar da mijinta ya jinginar, ba ta gaya wa kowa ba sai ranar da rigima ta tashi. Ga 'yan ci-rani da suke tafiya bayan kaka, wani ya dawo da kaya, wani ya dawo da ciwo, wani shiru.

A cikin wannan fili ɗaya akwai soyayya, domin yarinyar da aka yi wa baiko da ɗan babban wan, ubanta yana cikin masu son a sayar. Akwai labarin bincike, ranar da aka wayi gari an tumɓuke itacen iyaka an matsar da shi taku uku. Akwai barkwanci a bakin dillalai ranar kasuwa. Mai son ban tsoro ma ga tsohuwar kukar da ke tsakiyar gonar, wadda mai fuloti ya kawo masu inji su sare, kowa a ƙauyen ya ce shi dai ba da hannunsa ba. Akwai kuma maƙala ta gaskiya, wadda za ka ɗauki littafi da biro ka je wajen mai unguwa da dattawa ka tambaye su nawa ake sayar da gona shekara ashirin da suka wuce, nawa ne yau, su wa suka saya, kuma 'ya'yan waɗanda suka sayar ina suke kwana yanzu.